Rodolpho von Ihering, Masanin da Ya Gano Allurar Ƙyanƙyasar Kifi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan ƙyanƙyasar kifi a Kaduna ko Kano ko Abuja, ya ga wani aiki wanda in da an ba kakanninmu labarinsa sai su ce tatsuniya ce. Bayan isha'i mai gidan zai tsamo uwar tarwada wadda cikinta ya cika ya yi laushi, ya rufe mata kai da jiƙaƙƙen tsumma don ta natsu, ya soka mata allura a tsokar gadon baya, sa'an nan ya mayar da ita cikin ruwa ita kaɗai. Gari na wayewa sai ya ɗauko ta ya riƙa matsa cikinta a hankali, ƙwai na kwararowa cikin roba dubu bisa dubu. Ya kawo ruwan namiji ya zuba a kai, ya gauraya da gashin kaza, ya baza a kan raga cikin ruwa. Kwana ɗaya tak, in ruwan da ɗumi, sai ka ga gindin kwamin yana motsi da 'ya'yan kifi, kowanensu bai kai ƙwayar shinkafa ba.

'Yan'uwanmu da dama mazauna birane sun zuba kuɗinsu a wannan sana'a, tun daga mai kwami biyu a bayan gida har zuwa mai gona guda. Wasu sun samu, wasu kuwa sun tafka asara har sun rantse ba su ƙarawa. Amma da mai samu da mai asara, da wuya ka sami wanda zai gaya maka ko wa ya fara tunanin soka wa kifi allura, da abin da ya kai shi ga haka. Na ga ya dace a wannan shekara mu duba rayuwar mutumin, domin matsalar da aka ɗora masa ya warware ta yi kama da tamu ƙwarai: ƙasa mai gajeren damina, koguna masu ƙafewa da rani, madatsun ruwa da gwamnati ta kashe kuɗi ta gina, ga kuma talakawa zaune a bakinsu suna shan miya babu nama babu kifi. Sunansa Rodolpho von Ihering, ana furta sunan na ƙarshe kamar Iyerin, kuma mutumin ƙasar Burazil ne.

Yawancinmu ta ƙwallon ƙafa muka san Burazil, sai mu ɗauka ƙasa ce ta kurmi da ruwan sama ba dare ba rana. Haka yankin kogin Amazon yake, amma arewa maso gabashin ƙasar busasshe ne, ƙaya da duwatsu da awaki, kamar mutum ya nausa arewacin Katsina. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a wannan kusurwa ta Burazil, don a farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa jihar Bahia a matsayin bayi, har suka shirya bore a 1807, suka kuma yi wani a 1814. Wannan labari ne na wata rana.

Gidan su Ihering gidan ilimi ne na asali. Kakansa, Rudolf von Jhering, yana cikin manyan masana shari'a da ƙasar Jamus ta yi a ƙarni na 19, kuma har yau ɗaliban lauya a Turai suna karanta littattafansa. Mahaifinsa, Hermann von Ihering, likita ne kuma masanin halittu, wanda ya bar Jamus a 1880 ya koma kudancin Burazil da zama. A can, a garin Taquara na jihar Rio Grande do Sul, aka haifi Rodolpho ranar 17 ga Yuli, 1883. Yaron ya buɗe ido ya tarar da gidansu cike da fatun tsuntsaye da ƙwari da kifaye a cikin kwalabe, domin aikin uban ke nan, tattara halittun ƙasar yana nazarinsu yana aikawa da su Turai.

A 1894 aka danƙa wa uban shugabancin Museu Paulista, babban gidan adana kayan tarihi da halittu na birnin Sao Paulo. Da Rodolpho ya gama makarantar sakandare sai ya shiga gidan ya zama mataimakin mahaifinsa, kuma a nan ya yi mafi yawan karatunsa na gaske, da hannu da ido. Ya fara da zanzaro da ƙudan zuma, ya rubuta a kansu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A 1907 shi da mahaifinsa suka fitar da kundin tsuntsayen Burazil, kuma a shekarar ce ya raɗa wa wani jinsin ƙananan kifaye masu gashin baki suna Aspidoras, sunan da masana ke kiransu da shi har gobe. Tun a lokacin akwai wata ɗabi'a tasa da ta bambanta shi da yawancin masanan zamaninsa, wato son rubuta wa talaka da ɗan makaranta abin da za su fahimta cikin harshensu na Fotugis. Ya yi ɗan littafin tsuntsaye don yara, ya yi na hotunan dabbobin ƙasar. Wanda ya taɓa koyar da darasin halittu a firamare da littafin da babu ko dabba ɗaya ta ƙasarmu a ciki, ya san darajar wannan aiki.

Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo ya rushe komai. Jama'a suka fara yi wa duk mai sunan Jamusawa kallon tuhuma, aka taso wa uban da zarge-zarge, a 1916 aka sauke shi daga muƙaminsa. A 1917, shekarar da Burazil ta shelanta yaƙi da Jamus, Rodolpho ma ya bar gidan. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana leƙen ƙwari ta madubin ƙara girma, sai ga shi ya buɗe ƙaramar masana'antar kayan ƙarfe, kuma da ita ya ciyar da iyalinsa kusan shekara goma. Bai daina rubutu a kan dabbobi ba, amma a idon duniya an gama da shi a fagen bincike. Ni dai ina ganin waɗannan shekaru ba su tafi a banza ba. Wanda ya biya ma'aikata albashi daga aljihunsa, ya lissafa riba da faɗuwa, ba zai koma ɗakin bincike da irin tunanin da ya fita da shi ba. Da ya dawo, hankalinsa ya bar kan raɗa wa kifi suna, ya koma kan yadda kifin zai zama abinci da kuɗi.

Ya dawo ne wajen 1926, ya ɗan yi aiki tare da Lauro Travassos, masanin tsutsotsin ciki, sa'an nan a 1927 ya shiga sabuwar cibiyar binciken halittu ta jihar Sao Paulo, wadda ake kira Instituto Biológico. Daga nan ya fara zuwa bakin kogunan jihar, musamman Mogi-Guaçu da Piracicaba, don ya ga abin da mutanen ƙasar ke kira piracema. Kalmar ta harshen Tupi ce, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, kuma tana nufin hawan kifi. Idan damina ta kama a can, wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, manyan kifaye sukan taru garke-garke su nufi saman kogi, su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita suna tsallake duwatsu da gangaren ruwa. A wani wuri da ake kira Cachoeira de Emas, kusa da garin Pirassununga, kifin kan yi cincirindo har masunta su riƙa kwasa kamar ana kwasar gyaɗa. Can sama, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kogin ya cika ya yi ja, sai mata da maza su saki ƙwai da maniyyi a lokaci guda, ruwa ya kwashi ƙwan ya kai shi fadamun da ambaliya ta rufe, inda 'ya'yan za su sami abinci da maɓoya.

Duk ɗan Gozaki da ya yi ƙuruciya a gida ya san ƙaramin misalin wannan. Ruwan farko mai ƙarfi na sauka, rafi ya kawo, sai ka ga tarwada ta bi ruwan ta shiga ciyayin fadama da dare, har yara su kama ta da hannu. Ba yawo take yi ba, wurin zuba ƙwai take nema.

Ihering ya shafe damina bayan damina a bakin waɗannan koguna. Yana sayen kifi daga masunta yana farke cikinsa yana duba girman ƙwan, yana auna zafin ruwa da tsawon cikar kogi, yana rubuta ranar da aka yi ruwa da ranar da kifin ya saki. A 1929 ya fitar da littafi a kan rayuwar kifayen. Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. In ka kama waɗannan kifaye ka zuba su a tafki, za su ci su yi ƙiba, ƙwai ya cika cikin matan har ya kusa nuna, daga nan sai komai ya tsaya. Ba za su saki ba. Bayan 'yan makonni jiki ya shanye ƙwan, shekara ta wuce a banza. Ma'anar wannan ita ce mafi daɗin kifayen ƙasar ba su kiwatuwa, sai dai kullum a koma kogi a kamo 'ya'yansu, in an dace.

Ana cikin haka sai fari ya auka wa arewa maso gabas a 1932. Yankin ya saba da wannan masifa. Farin 1877 zuwa 1879 ya kashe mutane dubu ɗaruruwa, mafi yawa a jihar Ceará, kuma shi ya sa aka fara tunanin gina manyan madatsun ruwa, har aka gama ta Cedro a 1906, aka kuma kafa hukuma ta musamman ta yaƙi da fari a 1909. An sake yin wani a 1915. A na 1932 kuwa, gwamnati ta killace dubun-dubatar masu gudun yunwa a sansanoni don kada su cika birnin Fortaleza, cuta ta shiga cikinsu ta kashe da yawa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 a ƙasar nan ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ministan ayyuka na lokacin, José Américo de Almeida, ɗan yankin ne daga jihar Paraíba, kuma marubuci ne da ya yi suna da littafin da ya rubuta a kan masu gudun fari. Ya duba ya ga an tara ruwa a madatsu manya da ƙanana, ana shayar da dabbobi ana ɗan noman rani, amma ruwan kansa ba ya ba da abincin kirki. A watan Nuwamba na 1932 aka kafa hukumar kiwon kifi ta arewa maso gabas, aka kira Ihering ya shugabance ta. Yana da shekara 49.

Abin da ya fara yi shi ne abin da nake so mai karatu ya lura da shi. Bai fara da sayo kifi daga wata ƙasa ya antaya a madatsun ba, alhali kuwa hakan ya fi sauƙi, kuma ya fi saurin sa a yaba wa mutum a jarida. Ya tara matasan likitoci da masana, cikinsu har da Pedro de Azevedo wanda daga baya ya gaje shi, ya gayyato Stillman Wright daga Amurka, masanin ruwan tafkuna. Suka bi madatsun ɗaya bayan ɗaya a kan munanan hanyoyi, suna auna gishirin ruwa da zafinsa da zurfinsa, suna tace shi su ga ƙananan halittun da kifi ke ci, suna zama da masunta suna tambayarsu sunan kowane kifi da lokacin da yake yin ƙwai. Sun yi zama mai tsawo a garin Campina Grande, kusa da madatsar Bodocongó, daga baya suka koma Fortaleza. Binciken ya nuna musu cewa akwai madatsun da gishiri ya yi wa yawa saboda rana na shanye ruwan, akwai waɗanda mugun kifin nan mai haƙora, firana, ya mamaye, akwai kuma masu yalwar abinci waɗanda babu kifin da zai ci shi.

Kifin da ya fi dacewa da su shi ne wanda ake kira curimatã, mai cin laka da gansakuka a gindin ruwa, wanda ba sai an saya masa abinci ba, kuma mutanen yankin suna son sa. Sai dai kash, shi ma ɗan piracema ne. Ba ya sakin ƙwai sai kogi ya kawo, a ƙasar da kogi kan shekara biyu bai kawo ba. Tsohuwar matsalar bakin Mogi-Guaçu ta biyo shi, amma yanzu da mayunwata a tsaye suna jira.

Makullin ya fito ne daga maƙwabciyar ƙasa, Ajantina. A can akwai wani likita, Bernardo Houssay, wanda ya ƙware a kan wata 'yar tsoka da ke maƙale a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda masana ke kira fituwitari. A jikin kifi ba ta fi ƙwayar gero ko ta dawa ba, amma ita ke sakin sinadaran da ke ba sauran sassan jiki umurni, har da na haihuwa. Wajen 1930 Houssay ya ciro wannan tsoka daga wani kifi ya sa ta a jikin wasu ƙananan kifaye masu haihuwar 'ya'ya da rai, sai suka haihu kafin lokacinsu. Shi Houssay ba kifi ne damuwarsa ba, ciwon sukari yake bi, kuma a kansa ya sami lambar Nobel a 1947. Ihering ne ya ga abin da ke cikin wannan ɗan gwaji. Ya yi tunanin cewa ruwan sama da cikar kogi da doguwar tafiya ba su ne ke fitar da ƙwai kai tsaye ba. Su saƙo ne kawai da ke isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta taɓa fituwitari, fituwitari ta saki sinadari, sinadarin ya ƙarasa nunar ƙwan ya kwance shi. In haka ne, to ana iya tsallake kogin gaba ɗaya, a kai saƙon da allura.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Dorival Macedo Cardoso wanda ya yi gwaje-gwajen farko a Sao Paulo, sun sha fama kafin abin ya zauna. Sai an fasa kan kifi an ciro 'yar tsokar ba tare da an murƙushe ta ba, a niƙa ta a ruwan gishiri mai tsabta, a zuƙa a sirinji. In aka yi wa uwar da ƙwanta bai kai ba, aikin banza ne. In maganin ya yi kaɗan ba ta saki, in ya yi yawa ƙwan ya zubo a lalace. Sai da suka koyi zaɓen uwa ta hanyar duban cikinta, suka koyi raba allurar kashi-kashi, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa bayan 'yan sa'o'i. A 1934 suka kai ga abin da suke nema: kifi a cikin kwami ya saki ƙwai, aka haɗa da na namiji, ya ƙyanƙyashe, ba tare da an jira ruwan sama ba. Daga nan sai aikin reno, wanda shi ma ba wasa ba ne, da ɗaukar 'ya'yan kifin a cikin gwangwanaye a bayan mota ana kai su madatsun da ke nesa.

A 1935 aka gabatar da sakamakon a babban taron masana aikin jiki na duniya, karo na 15, wanda aka yi a Leningrad da Mosko ƙarƙashin jagorancin Ivan Pavlov. A 1937 Ihering ya bayyana hanyar a taƙaice cikin wata mujallar masu kiwon kifi ta Amurka. Bai ɓoye komai ba, kuma daga nan abin ya bazu. Masanan Rasha suka yi amfani da ita a kan manyan kifayen nan da ake cin ƙwansu da tsada. A Indiya, Hiralal Chaudhuri da K. H. Alikunhi suka yi nasara da ita a kan kifin kaf na ƙasarsu ranar 10 ga Yuli, 1957, ranar da Indiya ta mayar ranar manoman kifi ta ƙasa. A 1958 Zhong Lin ya yi irin wannan nasara a ƙasar Sin, inda aka shekara ɗaruruwa ana kiwon kifi amma kullum sai an je kogi an tace 'ya'yansa. Waɗannan ƙasashe biyu su ne kan gaba a kiwon kifi a duniya, kuma rabin kifin da ɗan Adam ke ci yanzu, ko fiye, na kiwo ne.

Ta nan ne allurar ta iso ga tarwadarmu. Ita ma halinta ɗaya da curimatã: tana girma a kwami, tana cika da ƙwai, amma ba ta saki sai ta ji ambaliya. A shekarun 1970 masana suka yi gwaje-gwaje a kanta a Bangui ta Afirka ta Tsakiya, sa'an nan a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan aka gyara hanyar ta zama abin da kowa zai iya koya. A shekarun 1980 kuma wani masanin Sin da wani na Kanada suka haɗa sinadarin da ke sa fituwitarin kifin kanta ta yi aikin, wanda ake sayarwa a kwalba da sunan Ovaprim, ana yi wa uwa rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinta. Har yau akwai masu ƙyanƙyasa a ƙasar nan da, in maganin kwalba ya yi tsada, sukan fasa kan namijin da suka yanka don ɗebo maniyyinsa, su ciro tsokar su niƙa a ruwan gishiri, daidai yadda aka yi a Paraíba shekara casa'in da suka wuce. Nijeriya ta fara gonar kifi ta gwamnati a Panyam tun 1951, amma sana'ar ba ta kama ƙasa ba sai da 'ya'yan tarwada suka wadata wajen shekara ta 2000. A 2015 ƙasar ta samar da fiye da tan dubu 300 na kifin kiwo, mafi yawansa tarwada.

Ba zan ce duk abin da hukumarsa ta yi daidai ne ba. A zamaninsa da kuma bayansa, an ɗebo kifaye daga kogin São Francisco da na Amazon an zuba a madatsun arewa maso gabas, cikinsu har da tucunaré, kifi mai daɗi amma mafarauci. Masunta sun ji daɗinsa, sai dai masanan baya sun nuna cewa a wurare da yawa ya cinye ƙananan kifayen asali na yankin. A wancan zamani ba a san girman wannan haɗari ba kamar yadda aka san shi yanzu, kuma mai kallon yunwa ido da ido ba ya cika dogon lissafi. Duk da haka ɓarnar ta auku, kuma kifin da aka saka a ruwa ba ya tsamuwa.

In mun dawo gida, ruwan a kwance yake. Ga madatsar Mairuwa da ta Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa, ga ta Malumfashi, ga Zobe can arewa da mu, ban da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini ko ta hanya, waɗanda wasunsu kan riƙe ruwa wata biyar ko shida, lokacin da ya ishi tarwada ta kai ta sayarwa. Masara da waken suya, waɗanda su ne ƙashin bayan abincin kifi, a gonakinmu ake noma su, a loda su a mota a kai kudu, a dawo mana da su a buhu da tsadar da ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo. Abin da ya fi ba mu wahala kuwa shi ne iri. Ana ɗauko 'ya'yan kifi daga nesa a jarka, su iso a galabaice, mai saye bai san uwarsu ba bai san ubansu ba. Wani zubin 'yan gida ɗaya ne aka yi ta haɗawa har irin ya tsumbure, wani zubin kuma 'yan kaɗan su yi saurin girma su cinye sauran don ba a tace su ba. Ga kuma hunturunmu, wanda ya fi na kudu tsanani nesa ba kusa ba. Ƙwan da ke ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya a ruwa mai ɗumi, in sanyin Disamba ya kama shi sai ya daɗe ya ruɓe. Allurar tana kasuwa, kowa na iya saye. Aikin farko da Ihering ya yi, na bin ruwa ɗaya bayan ɗaya ana aunawa ana rubutawa ana tambayar masunta, shi ne wanda ba a sayarwa, kuma akwai 'ya'yanmu da suka karanta wannan fanni a Zariya da Dutsin-ma da New Bussa waɗanda za su iya yin sa in an kira su.

Ihering ya bar shugabancin hukumar a 1937, ya koma kudu ya ci gaba da aikin kifi a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta tarayya. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa tashar binciken kifi a Pirassununga, a bakin gangaren ruwan da ya shafe daminoni yana kallon kifi na tsalle, kuma har yanzu ana bincike a wurin. A lokaci guda yana ta haɗa wani babban aiki da ya daɗe yana tarawa, wato ƙamus na dabbobin Burazil, wanda ya jera bisa sunayen da talakawa da mafarauta da masunta ke kiran dabbobin da su, kowane da bayanin halinsa. Bai ga fitowarsa ba. Ya mutu a Sao Paulo a 1939 yana da shekara 56, ƙamus ɗin kuma ya fito a 1940.

Hukumar yaƙi da fari ta ci gaba da aikin bayansa, ta gina tashoshin ƙyanƙyasa a jihohin yankin, wasu ta sa musu sunayen yaransa. Babbar cibiyar bincikenta, a garin Pentecoste na jihar Ceará, sunansa take ɗauke da shi. A wannan gari ne aka sauke wasu 'yan ƙalilan na karfasar kogin Nilu a 1971, waɗanda aka ɗauko daga Bouaké ta ƙasar Kwaddibuwa, irin karfasar nan dai da masuntanmu ke kamawa a Zobe da Mairuwa. A 2022 Burazil ta samar da karfasar kiwo fiye da tan dubu 500.